Shekarar da Igiyar Awon Baba Ta Miƙe

Tun muna firamare nake shan wuya in aka ce kowa ya faɗi sana'ar ubansa. Ɗan tela ya miƙe ya ce tela, 'yar direba ta ce direba, in aka zo kaina sai in tsaya ina sosa ƙeya. Ranar da na yi ƙarfin hali na ce Babana gonakin mutane yake aunawa, malamarmu ta ce, "Safiyo ke nan?" Na ce a'a. Ta ce to saye yake yi? Na ce a'a, masara yake yankar musu, ya auna, ya mayar musu da abinsu. Aji ya kwashe da dariya, na dawo gida ina kumbure-kumbure, na ce wa Baba don Allah ya nemi aiki mai suna.

Aikin nasa yana da suna, tsawo ne dai ya yi masa yawa: jami'in ƙididdigar amfanin gona. Ban taɓa jin wanda ya kira shi haka ba sai a takarda. A kasuwa da gonaki, har a ofishinsu, Mai Igiya ake ce masa.

Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba. Igiyar nailan ce mai tsawon mita ashirin, da ƙulli a kowace mita biyar, sai turakun ƙarfe huɗu, da lauje, da sikeli mai ƙugiya, da jakar takardu wadda hannunta ya tsinke aka ɗinke ya fi sau goma. Da kaka ta yi, sai ya ɗaure su a bayan babur ya nufi gonakin da ofis ya zaɓa masa. A kowace gona takarda ce take gaya masa inda zai tsaya: taku kaza daga kusurwa, taku kaza zuwa ciki. A nan zai kafa turaku, ya zagaye su da igiya, fili ya fito mita biyar ta kowane gefe. Duk abin da ya faɗo cikin igiyar nan a girbe shi, a murje, a shanya, a auna, ya rubuta. Daga wannan ɗan fili ake lissafa abin da gona ta bayar, daga gonaki a san na yanki, daga yankuna a san na ƙasa.

Manoma kuwa iri biyu ne a wurin Baba. Akwai mai son a san ya iya noma, wanda zai riƙo hannun rigarsa yana cewa, "Haba Mai Igiya, ka zo nan gindin tsohon garke ka ga masara, can da ka tsaya ai yara ne suka shuka." Akwai kuma mai jin tsoron ido, wanda zai ja shi zuwa inda ƙasa ta fi tsakuwa yana rantsuwa bana ko abin bakin kaza bai samu ba. Dukansu amsa ɗaya yake ba su, yana murmushi yana ci gaba da ƙirga takunsa: "Ni ba ni da ta cewa, takarda ce da magana." In ya gama ya mayar wa mai gona hatsinsa har ƙwayar da ta maƙale a kusurwar buhu.

A ɗakinsa akwai wani littafi mai kauri da ofis ya gama da shi aka bar masa. A ciki an jera ƙasashen duniya, kowace da abin da take nomawa a kadada ɗaya. In baƙo ya yi kuskuren tambayar aikinsa, ya shiga uku, don sai Baba ya ɗauko littafin nan, ya lashi yatsa ya buɗe shafin masara, ya ɗora farce a kan layin ƙasarmu. "Ka ga wannan lambar? Akwai hannuna a ciki." In baƙon ya ce ina, sai ya ce, "Can wajen ƙarshe, bayan ɗigo. Da yayyafi kogi kan cika." Inna kan leƙo daga tsakar gida ta ce, "Malam, ka bar bawan Allah ya sha ruwansa, ƙasashen nan ba gudu za su yi ba."

Shekara talatin da uku yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da takarda ɗaya daga hedikwata an ce ya gyara ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa, kuma bai ɓoye ba. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba, amma in ana hira aka zo kan aiki sai ya gyara zama ya ce, "Ni dai ko jan biro ba a taɓa yi mini ba." Da shekararsa ta ƙarshe ta zo, Darakta, wani matashi mai fara'a da ya girme ni da kaɗan, ya gaya masa an riga an rubuta masa takardar yabo daga hedikwata, za a miƙa masa ranar walimar ritaya. Baba ya dawo gida yana tafe kamar wanda aka yi wa sabon takalmi.

A kakar ƙarshen nan ne abin mamaki ya faru. Damina ba ta yi wani abin a zo a gani ba, ruwa ya ɗauke sati uku masara tana tsakiyar fitar da goyo. Amma da Baba ya haɗa lissafin gonakinsa ɗari da tamanin, sai ga yankinmu ya fi bara, ya ma fi duk yankunan da ke kewaye da mu. Wani tsohon manomi da ake kira Dogo, abokin wasansa ne na shekaru, ya ce masa, "Mai Igiya, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Rumbuna bai kai inda yake kaiwa ba, kai kuma kana cewa mun yi abin kirki." Baba ya ce sikeli ba ya ƙarya, kuma Dogo tun da aka haife shi bai taɓa yarda ya ƙoshi ba.

Darakta ya ji daɗi ƙwarai, ya aika rahoto sama. Ba a jima ba amsa ta dawo da barka, tare da wani ɗan layi a ƙasa. Akwai irin shuka mai jure fari da za a raba kafin damina mai zuwa ga yankunan da amfaninsu ya gaza. Tunda mu mun yi zarra, an cire sunanmu daga jerin. Manoma suka yi ta gunaguni a kasuwa, Baba ya ce haƙuri za a yi, lamba ba ta san sani ba.

Ni a lokacin na yi aure, ina koyar da lissafi a makarantar da ke bayan tasha, ina kuma leƙowa gida duk ƙarshen mako. Wata Asabar da hantsi na tarar Baba a kan tabarma a bakin ɗakinsa yana shan shayi, ya fara hutun ƙarshen aiki, Inna kuma tana shanya a bayan ɗaki. Na zagaya in taya ta. Ina miƙa mata wanki tana ta yabon igiyar shanyarta.

"Ke dai ki ga albarka," in ji ta. "Bara zannuwa goma take ɗauka daga wancan ƙulli zuwa na biyunsa. Yanzu sha ɗaya nake jerawa, har da ɗan wurin ɗankwali."

Na ce, "Inna, wane ƙulli?"

Kafin ta amsa na ji an ajiye kofi a ƙasa da ƙarfi. Sai ga Baba ya zagayo ba takalmi. Ya tsaya ya dubi igiyar da aka ɗaura daga bishiya zuwa tagar kicin, ta dawo ta sake komawa, barguna biyu jiƙaƙƙu sun danne tsakiyarta har ta yi ciki.

"Uwar yara, wannan igiyar wa ce?"

"Ta gidan nan ce mana."

"Tun yaushe kike shanya da ita?"

Inna ta matse wani zane, ta yarfe shi, sannan ta ce tun bayan kakar bara da tata ta tsinke. Ta ga igiya a rataye a bayan ƙofa wata takwas ba ta aikin fari ba ta na baƙi. In ya fita ofis ta ɗaura, kafin ya dawo ta kwance ta mayar. "Har wanke maka ita na yi tas da za ka fita awon bana. Ba ka ce an gode ba? Ka ce."

Ya kuwa ce an gode. Ni ma na tuna ya ce.

Baba ya shiga ɗaki ya yi ta buruntu, ya fito da tef ɗin ƙarfe. Muka sauke wankin Inna a kan tabarma tana mita, muka shimfiɗa igiyar a tsakar gida. Na riƙe bakin tef a ƙulli na farko, ya ja zuwa na biyu. Mita biyar da rabi. Muka gwada na gaba, haka. Duka huɗun kusan haka. Bargunan Inna sun yi wata takwas suna jan igiyar ƙididdigar ƙasa, kuma ba su yi ha'inci ba, kowane gefe sun ba shi haƙƙinsa.

Ya dube ni ya ce, "Malama, biyar da rabi sau biyar da rabi?"

Na ce, "Talatin da kwata, Baba."

Ya zauna a kan turmi. Ashe duk kakar nan fili mai mita talatin da ɗoriya yake girbewa, yana rubuta ashirin da biyar. Kowace gona ya ƙara mata wajen kashi ɗaya cikin biyar na abin da ba ta da shi. Zarrar da muka yi a rahoto ba a gona take ba, a bayan ɗakin Inna aka noma ta. Na so in yi dariya, wallahi dariyar ta zo mini har wuya, amma da na dubi fuskarsa sai ta koma.

Da farko faɗa ya tashi. Ya ce ta taɓa kayan gwamnati. Ta ce ba ta ga hatimi a jiki ba, kuma shekara talatin da uku tana wanke masa rigunan da ƙaiƙayi ya cika, gwamnati ba ta taɓa aiko mata da igiya ba. Can ya ce, a hankali, "Laifi tudu ne. Ba naki ba ne, uwar yara."

Sai ya gaya mana. Doka ce a farkon kowace kaka a gwada igiya da tef, a sa hannu a wani ɗan gurbi a shafin farko cewa an gwada. Shekara talatin da biyu yana yi, igiyoyi nawa ya canza, bai taɓa samun ko rabin yatsa ya ƙaru ba. Bana ya tashi a makare, babur ya ƙi tashi, ya dubi igiya fes da ita, ya ce wannan ai na san ta kamar yunwar cikina. Ya sa hannu ya wuce. "Na sa hannu a kan abin da ban yi ba," in ji shi. "Sau ɗaya tak."

Inna, da ta ga ya sauko, sai ita ma ta sauko, amma ta wata hanya. Ta ce, "To wa ya sani? Ni da kai da 'yar nan. Saura sati biyu a ba ka takardarka. Ka sayi sabuwar igiya ka miƙa musu, shi ke nan." Ban ga laifinta ba, don ni ma abin da ke raina ke nan. Na san yadda yake son takardar nan. Baba ya naɗe igiyar a gwiwar hannu yadda ya saba, ya sa a jaka.

Ranar Litinin na nemi izini a makaranta na raka shi, wai in riƙe masa tef. Ofishinsu ɗaki uku ne a bayan ma'ajiyar taki, da fanka ɗaya mai kuka, da taswirar da rana ta cinye rabinta. A gaban Darakta ya shimfiɗa igiyar a baranda, masinja da mai buga takardu suna leƙe. Darakta ya duba tef, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Da ya ji labarin barguna sai da ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Sannan ya ja mu ciki ya rufe ƙofa.

"Baba Mai Igiya, ka zauna mu yi magana ta hankali. Yankinmu ɗaya ne cikin yankuna nawa? In aka zuba lambarka cikin ta ƙasa baki ɗaya, a babban littafin nan ko bayan ɗigo ba za ta motsa ba."

"Ranka ya daɗe, a littafi ba za ta motsa ba. A jerin masu samun iri ta riga ta motsa."

"Na aika rahoto, an yi mini barka. Yanzu in koma in ce wanki ne?"

"Ba kai za ka ce ba. Ni zan rubuta, da sunana."

Darakta ya riƙa juya biro a hannu. Ba mugun mutum ba ne, kunya ce ta kama shi, da kuma tausayi. Ya ce, "Ka san abin da aka rubuta a takardar yabonka? Shekara talatin da uku ba tare da kuskure ba. In wasiƙarka ta isa, ba za su sa wa takardar yabon hannu ba."

"Ai ba ƙarya suka yi ba in sun ƙi," in ji Baba. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaushe ake rufe jerin?"

Darakta ya ce ranar Alhamis. Muka kwaso takardu ɗari da tamanin a kwali muka dawo gida. Kwana uku muna zaune a inuwar tsakar gida daga safe zuwa la'asar, shi yana karanto nauyin da ya rubuta, ni ina mayar da shi kan fili na gaskiya, shi kuma ya sake bi da fensir don bai yarda da na'urar lissafina ba. Inna ta ce ita ba ruwanta, amma ita ce ta riƙa karɓar waɗanda aka gama tana jerawa, tana danne su da dutsen niƙa kada iska ta kwashe, tana korar kaji. Ta kawo shayi ya fi sau goma. A rana ta biyu ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Ni dai ban ce na yi daidai ba." Baba ya ce, "An ji." Ta ƙara da cewa, "Ban kuma ce igiyar ba ta yi mini amfani ba." Nan duka muka fashe da dariya, har Baba ya share hawaye da hannun riga.

Da lissafi ya fito, yankinmu ya sauko daga sama ya zauna inda Dogo ya ce yake, ƙasa da bara sosai. Baba ya rubuta wasiƙa shafi ɗaya da hannunsa. Bai ambaci Inna ba ko sau ɗaya. Ya ce igiya ta miƙe, bai gwada ba, ya sa hannu cewa ya gwada. Darakta ya haɗa da tasa ya tura ranar Laraba da yamma.

An yi walimar ritaya yadda aka tsara, da lemo da biskit da kujerun roba. Darakta ya yi jawabi mai daɗi, aka ba Baba agogon bango. Takardar yabo ba ta zo ba. Maimakonta wata 'yar wasiƙa ce ta zo mai layi uku, tana cewa an karɓi gyara, a riƙa kiyayewa. Baba ya yi ta gaisawa da mutane yana dariya, amma abin ya yi masa ciwo, kuma ni ma ya yi mini. A hanyar gida ya rungume agogon a ƙirji ina biye da shi. Ya yi kwanaki ba ya hirar aiki da kowa.

Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, sai ga manyan motoci biyu sun tsaya a gaban ma'ajiyar taki. An mayar da sunanmu cikin jerin. Baba yana da 'yar gona a bayan gari wadda ya daɗe yana cewa in ya huta zai kula da ita, don haka shi ma ya ɗauki buhunsa ya tafi bin layi, na bi shi in taya shi ɗauka. Layin ya kai har bakin titi, rana kuma ta buɗe. Muna tsaye can baya sai ga Dogo ya juyo daga gabanmu.

"A'a, Mai Igiya! Yau kai ma a layi? To ka ji abin da mutanenku na ofis suka so yi mana? An ce wani shashasha ne ya rubuta wai mun cika rumbuna, aka soke mu. Allah ya taimake mu wani mai hankali ya gano, ya tsaya kai da fata sai da aka gyara. Kai da ka san su, su wane ne?"

Na taɓa Baba da gwiwar hannu alamar ya bar zancen. Bai ko dube ni ba.

"Dogo, duka biyun ga su a gabanka."

Dogo ya yi dariya, ya ɗauka irin wasan da suka saba ne. Da ya ga Baba bai yi ba, sai ya tsaya. Baba ya ba shi labari tun daga barguna har wasiƙa, bai rage komai ba, waɗanda ke kusa suka matso suna saurare. Wajen barguna mutane suka yi ta riƙe ciki. Wani ya tambaya ko gaskiya ne takardar yabonsa ta tafi a kan haka, Baba ya ce ta tafi. Daga nan dariyar ta lafa.

Dogo ya gyara hularsa ya ɗaga murya. "Jama'a, a ba Mai Igiya hanya ya wuce gaba."

"Ina!" in ji Baba. "Layi layi ne. Inda na zo na tarar, nan zan tsaya."

Ya kuwa kafe ƙafa, ko taku ɗaya bai yi ba. Dogo ya dube shi, ya girgiza kai, ya fita daga wurinsa ya zagayo ya tsaya a bayanmu. Na gabansa ya ga haka, shi ma ya fito ya koma baya. Haka suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da matasa da mata masu goyo, ana tsokanarsa ana cewa a gaida uwar gida da aikin shanya, har ya zamana babu kowa tsakanin Baba da teburin rabo sai fili.

Ma'aikacin rabo ya ɗago kai ya ce, "Na gaba." Baba ya daɗe a tsaye yana murza bakin buhunsa, idanunsa sun cika. Ni tuni nawa suka zubo, ina kuka ina dariya. Sannan ya taka a hankali ya je ya buɗe buhun, aka zuba masa.